Fankokin da Ake Kawo wa Auta

Gemun Baba na fara gani tun kafin in sauke jakata. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin gashi a haɓarsa ba, sai ga shi zaune a baranda da wani farin gemu cirko-cirko kamar burushin wanke kwalba, yana sosa shi da gindin cokali.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, gemu aka fara ajiyewa?"

"Ajiye min shi aka yi," in ji shi. "Ki tambayi Gwaggonki."

A kicin na tarar da Mama tana kokawa da albasa da bakin cokali, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce in wanke hannu in kama mata tumatir, a matse shi da hannu, don gidan nan yanzu babu abin da ke da kaifi sai bakin Gwaggo.

Ƙanena ne sanadi. Auta muke ce masa, ko da yake ya fi kowa tsawo a gidan, kuma ya daɗe yana aiki a wani shagon gyaran kayan lantarki. Kwanakin baya ya ji wa kansa ciwo da hannunsa, a cikin ɗakinsa. An gaya wa maƙwabta wai gilashi ne ya faɗo masa a shago. Na taho daga makarantar da nake koyarwa na zauna da shi a asibiti, kuma ranar da za a sallame shi, wata doguwar nas mai ɗora tabarau a goshi ta ja mu gefe, ni da Mama.

"Ciwon hannun zai warke, ba shi nake tsoro ba," in ji ta. "Wanda ya yi wa kansa haka, makonnin da ke biyowa su ne masu hatsari, har ga ransa. Ku kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Kada ku bar shi shi kaɗai ya daɗe. Ku dawo da shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Sannan ku tambaye shi da bakinku ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Rashin tambayar ne ke barin sa shi kaɗai da shi."

Mama ta ɗauko saƙon zuwa gida. Biyun farko suka iso lafiya, sauran suka zube a hanya. Ni kuma na koma bakin aiki sai da aka ba mu hutu.

Gwaggo ce ta karɓi ragamar. Yayar Baba ce, gidanta na kallon namu, kuma tun suna yara ba ta taɓa barin ya gama magana ba. Ta shigo da buhu ta share gidan tas: wuƙaƙe, almakashi, reza, allurar ɗinki, abin yankan farce, har maganin hawan jinin Baba, wanda yanzu take kawo masa ƙwaya ɗaya kowace safiya a naɗe a takarda. Ta haɗa da injin askinsa, wanda ko ayaba ba zai yanka ba. Shagon aski kuwa Baba ya ce ba zai je ba, don mai askin tambaya gare shi kamar ɗan sanda.

Zancen kada a bar Auta shi kaɗai ne ya so ya ba ta wahala, don tun ranar farko ya ce shi ba madara ba ne da za a tsaya a kansa kada ya yi bori. Sai ta yi dabara. Ta san yaron ba ya iya ganin lalataccen abu ya wuce. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya: kowa ya kawo abin gyara, kuma ya zauna ya jira a gama masa. Unguwar duka ta san gilashin nan ba gilashi ba ne, amma kowa ya riƙe shi da mutunci. Aka kawo fankoki, aka kawo rediyo, dutsen guga, tocila, agogon bango. Da lalatattun kayan unguwa suka ƙare, sai aka shiga lalata masu lafiya.

Na same shi a falo, an jawo teburin cin abinci kusa da taga, fanka a kwance a gabansa an buɗe mata ciki. Rigarsa mai dogon hannu ce, ya ɓalle maɓallin wuyan hannun duk da zafin da ake yi. Gwaggo na gefensa da akwatin kayan aikinsa a kan cinya, ta dafe murfin da hannu biyu.

"Nas, filaya," ya ce wa Gwaggo kamar likita a ɗakin tiyata, ya miƙa hannu bai ɗago ba.

Gwaggo ta leƙa cikin akwatin. "Wace ce filaya kuma? Mai bakin kadan nan?"

"Ita."

"Ungo. Ka dawo min da ita."

"Gwaggo, ko riƙe ta ban gama yi ba." Sai ya hango ni, ni da suke ce wa Shiru a gida saboda rashin maganata. "A'a, Yaya Shiru an iso! Me kika kawo min? Kada ki ce min hannu biyu kika zo. Gidan nan yanzu ba a shigowa sai da lalataccen abu."

Mai fankar, telan da ke kan kwanar layinmu, yana zaune a kujerar Baba da tef a wuya, yana shan ruwan sanyi.

"Da kanta ta tsaya, wallahi," in ji Tela. "Ina cikin ɗinki kawai na ji ta yi tsit."

"Ikon Allah," in ji Auta. Ya ɗago wata jar waya. "Ita ma wannan da kanta ta yanke? Miƙe sar, kamar an auna?"

"Ɓera ne."

"To ɓeran nan naka ya iya yanka. Ka ba shi keke ya riƙa taya ka."

Gwaggo ta yi dariya har akwatin ya kusa zamewa. Tela ya ce ai yaran yanzu ba su da kunya, ya ƙara ruwa a kofinsa, ya gyara zama ya ci gaba da ba su labarin wani mai ƙiba da ya rantse wandonsa ne ya tsuke a wanki.

Da yamma Gwaggo ta tare ni a bakin famfo.

"Malama Shiru, jibi da hantsi ke ce a kansa. Zan je kasuwa. Ki nemi abin da za ki lalata."

"Gwaggo, ni ban iya ba."

"Duk karatun nan naki? Ubanki ma da ba ya iya ɗaura kwan fitila ya koya."

Gaskiya ta faɗa. Na zagaya bayan gida in shanya tawul, na tarar da Baba a tsugunne yana cusa wa rediyonsa batir kai a ƙasa. Muka haɗa ido.

"Duba shi nake yi," in ji shi.

"To, Baba."

Sai da muka zauna tsince shinkafa na tambayi Mama zancen likitan ƙwaƙwalwa. Ta ce ranar da aka ba su ta wuce.

"Babanku ya ce a bari. Ya ce duk wanda aka gani a layin ganin wannan likitan, sunan ya bi shi ke nan. Wa zai ɗauke shi aiki, wa zai ba shi 'yarsa?" Ta ture wata tsakuwa gefen faranti. "Kuma ba ki ga yana dariya ba? Jiya ma har ƙari ya yi."

"An tambaye shi?"

"Me?"

"Abin da nas ta ce."

Mama ta kalle ni kamar na zagi wani babba. "Da wane bakin? In na faɗa kuma ya zama ni na tuna masa fa?"

Ni ma ban ga bakin da zan faɗa da shi ba. Ni ce wadda a aji nake yi wa allo bayani don kada in haɗa ido da ɗalibai.

Washegari gidan ya tashi da murna, don Auta ya fito tun kafin a kawo masa komai ya ce yau gidanmu zai gyara. Ya fara da makunnin kicin da ya shekara yana jan mutane. Ya ɗaure famfon da ke ɗiga. Ya sa wa ƙofar banɗaki mai, ta daina kukan da take yi mana tun muna yara. Gwaggo na biye da shi ɗaki-ɗaki da akwati a hammata, tana haki, tana cewa, "Kai, bi a hankali, nas ɗinka ta tsufa."

Daga nan ya kira Mama wajen akwatin wuta da ke bayan ƙofa.

"Zo in koya miki canza fiyus."

"Ni? Ka rufa min asiri."

"Ba wuya. Ki fara kashe wannan babban. Yawwa. Zaro wancan. A'a, Mama, ba ɗan kunne ba ne, ja shi da ƙarfi."

Ta yi, wuta ta dawo, ta yi tsalle ta koma baya tana salati. Muka tafa mata.

"Sake," in ji shi.

"Ai na yi."

"Sake dai. Sai kin iya da kanki, ko ba na nan."

"Ina za ka?"

"Ai mutum ba ya rasa fita."

Da Tela ya sake dawowa da fankarsa, wadda ɓera ya sake ziyarta, Auta ya shiga ɗakinsa ya fito da tasa fankar, sabuwa mai tsayi, ya ce ya tafi da ita, ita ba ta da ɓera. Tela ya yi ta rantsuwa ba zai karɓa ba, ya fita da ita a kafaɗa. Sannan Auta ya ce wa Gwaggo in an kwana biyu ta aika wa maigidansa akwatin kayan aikin, akwai masu buƙata a shago.

Gwaggo ta shigo kicin tana rawa da kafaɗa. "Kun ji? Shago yake tunani! Yaro ya warke. Wa ya ce sai likita?"

Baba ya sosa gemu ya ce to ko za a duba zancen injin askinsa. Ta ce ya yi haƙuri tukuna, gemun ya fara ba shi kamala.

Ni ina bakin ƙofar falo da tsintsiya. Daga nan ina ganin Auta ta gefe. Yana murmushi har Tela ya fita, har ƙarar takalmin Gwaggo ta shige kicin. Da ya ga ba kowa, sai fuskar ta mutu lokaci ɗaya, kamar an kashe fitila. Ya tsaya yana kallon falon, bango zuwa bango, irin kallon da Mama ke yi wa ɗaki in ta gama haɗa kayan tafiya tana duba ko ta manta wani abu. Da ya ji motsin tsintsiyata, fitilar ta dawo.

"Yaya, ki fara shiri. Gobe ke ce a kaina, ko?"

Da hantsin ya yi, Gwaggo ta wuce kasuwa bayan ta bar min sukudireba guda ɗaya da gargaɗi mai tsawo. Na ɗauko butar lantarkin da nake dafa shayi da ita a makaranta, na zauna da ita a bakin gado. Na juya ta, na leƙa gindinta, na ja wayar a hankali, har na ba ta haƙuri a zuciyata. Ban iya ba. Na ɗauke ta haka nan na kai masa.

Ya zuba ruwa ya jona ta. Ba a jima ba ta fara huci.

"Yaya, butar nan lafiyarta ƙalau. Ko ƙaryar ma ba ki iya ba?"

"Ban iya ba."

"To tunda ruwa ya tafasa, kada a yi asara." Ya ɗauko kofi biyu da ganyen shayi, ya haɗa mana, ya zuba min sukari yadda nake so ba tare da ya tambaya ba.

Na riƙe kofin da hannu biyu. Na kalli labule, na kalli agogon mai kantin unguwarmu da ke jiran a zo a ɗauka, na kalli ƙafata. Na so in zagaya, in ce ya jiki, in ce ya zuciya. Sai na ga in na zagaya zai taya ni zagayawa, har Gwaggo ta dawo.

"Auta, kana tunanin kashe kanka?"

Cokalin ya tsaya a cikin kofinsa. Daga kicin ana jin Mama tana buga wani abu da gindin kwano.

"Kin san," in ji shi a hankali, "tun da na dawo an tambaye ni ko na ci abinci. An tambaye ni ko wurin yana ƙaiƙayi. Mai kanti ya tambaye ni ko gilashin mai kauri ne."

Na jira.

"E," in ji shi. "Ba kullum ba. Da safe ya fi. In na farka sai in ji kamar an ɗora min firji a ƙirji. Sai in ji Baba a baranda yana sosa gemun nan, in ji Mama tana yanka albasa da cokali. Ki dubi unguwar nan, Yaya. Mutane masu hankalinsu suna lalata kayansu saboda ni. Na zama wa kowa aiki."

"Shi ya sa ka koya wa Mama fiyus."

Ya gyaɗa kai.

"Ka sa rana?"

"A'a. Gidan dai na ce bari in fara gyarawa."

Na ajiye kofin. Na ce, "Ni ban san abin da ake faɗa a nan ba. Amma zancen aiki, ka yi wa Tela adalci. Mutumin nan ya samu kujera mai laushi da ruwan sanyi da masu sauraron labarin wandonsa. In ka warke shi za a yi wa jaje."

Ya fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta zama wani abu daban. Ya kifa goshi a kan tebur tsakanin butar da agogon. Na matsa da kujerata na dafa bayansa. Tun yana firamare rabon da in taɓa shi haka.

"Yau za mu koma wurin nas ɗin nan," na ce. "Ba gobe ba."

"Baba ba zai yarda ba."

"In faɗa masa, ko za ka faɗa?"

Ya ɗago kai ya ce, "Faɗa."

Ban so in tashi in bar shi ba, ko zuwa baranda. Sai na juya wajen taga na buɗe murya. "Baba! Mama!"

A gidanmu ba wanda ya taɓa jin na ɗaga murya. Baba ya shigo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, Mama na bayansa da cokali a hannu, tana tambaya ko wuta ce ta ja ni.

Na faɗa musu, da kalmomin da na tambaya da kalmomin da ya amsa. Ban kalli allo ba, don babu allo. Baba ya nemi kujera da hannu ya zauna.

"Amma kana dariya," in ji shi. "Jiya ma kana dariya."

"Don ku nake yi, Baba."

Baba ya cire hularsa ya kalli cikinta. "In aka gan mu a layin nan..."

"Malam, a gan mu," in ji Mama. Ban taɓa jin ta katse shi a gabanmu ba. "A gan mu, a nuna mu da baki. Ni dai in tsaya a layin da ɗana a gefena." Ta ajiye cokalin, ta zagaya ta kama kan Auta ta haɗa da cikinta, hannunta duk warin albasa. "Ni ce uwar banza da ban tambaya ba."

"Mama, idona," in ji Auta cikin zaninta. "Albasa."

Baba ya mayar da hular. Ya tashi, ya tsaya, ya shafa haɓarsa. "Yanzu da wannan abin zan shiga mutane?"

"Ya yi maka kyau," in ji Auta yana share fuska. "Kamar shugaban makaranta."

A bakin ƙofa, muna shirin shiga tasi, muka yi karo da Gwaggo da jakar cefane. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta kalli katin asibitin da ke hannun Mama.

"Ina zuwa haka ba a gaya min ba?"

"Asibiti, Yaya Babba," in ji Baba. "Wurin likitan nan."

"Wane likita? Yaron da ya warke? Ni fa na..."

"Bai warke ba," in ji Baba. "Ki shigo mota ko ki matsa."

Ta shigo. Muka matsu a bayan tasi, jakar cefanen a kan cinyata, ganyen alayyafo na shafa min haɓa. Duk hanya tana bayani: ita ta san abin da take yi, ita ta raini ubansa, kuma da ba don fankokin nan ba da Allah kaɗai ya san inda ake. Auta ya ce wannan gaskiya ne, Gwaggo, fankokin sun riƙe shi. Sai ta koma kan direba, wai yana tuƙi kamar ya ɗauko buhunan siminti.

Layin da Baba ke tsoro wani dogon baranda ne mai benci biyu da tukunyar fulawa da ta bushe. Mutanen da ke zaune ba su da wata alama. Wata mata na saƙa, wani saurayi na danna waya, wani dattijo na barci da baki a buɗe. A sama wata fanka na juyawa tana rangaji tana ƙara. Auta ya ɗaga kai ya ƙura mata ido.

"Kada ka soma," in ji Baba.

Dattijon ya farka ya matsa mana. Ya dubi Baba, ya dubi Auta. "Kai ne, ko yaron?"

Baba ya buɗe baki, ya rufe. "Mu duka," in ji shi.

Doguwar nas ɗin ta fito da tabarau a goshi tana neman tabarau a aljihu. Ta gane mu. Ba ta ce don me muka makara ba. Ta ce, "Kun zo. Madalla." Na matsa na gaya mata abin da Auta ya faɗa da safe, ta saurara har ƙarshe, ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kyauta da ya faɗa, kuma ba zai jira layi ba. Gwaggo ta yi maza ta ba ta rahoton buhun da ta kwashe.

"Kin yi daidai, su ci gaba da zama wurinki," in ji nas. Ta kalli Baba. "Amma injin aski ba ya cikin lissafi. A taimaki bawan Allahn nan."

Ofishin likitan ƙarami ne, teburi ɗaya da kujeru da kwalin tishu. Likitar wata 'yar siririyar mata ce mai sanyin murya. Ta tambayi Auta ko yana so ya shiga shi kaɗai. Ya ce a'a, mu shigo, gara mu ji gaba ɗaya. Kujerun ba su isa ba, ni na tsaya a jikin bango. Gwaggo ta riga kowa zama, a kujerar da ta fi kusa da teburin.

"Yaya barci?" in ji likita tana kallon Auta.

"Yana yi sosai," in ji Gwaggo. "Har minshari."

"Abinci fa?"

"Ni nake tsaya masa. Shekaranjiya har ƙari."

Likitar ta yi wa Gwaggo murmushi. "Sannu da ƙoƙari, Mama. Bari in ji daga bakinsa." Ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi. "Tun yaushe abin ya fara yi maka nauyi?"

Auta ya kalli hannayensa. Ya ce tun bara, tun kafin kowa ya lura. Ya ce akwai ranakun da yake zuwa shago ya buɗe rediyo ya zauna yana kallon cikinsa har a tashi, bai san me yake nema ba. Ya ce barcin da ake ji yana yi, rufe ido kawai yake don a daina leƙo shi. Da farko likitar yake gaya wa. A hankali fuskarsa ta juya, har ya zama Baba yake gaya wa.

"Na so in faɗa maka," in ji shi. "Sau da yawa na zo baranda na tsaya. Sai in ga kana jin labarai, in ce bari a gama."

Baba ya jawo kujerarsa, ƙafafunta suka yi ƙara a kan siminti. Ya ɗora tafin hannunsa a kan hannun rigar Auta, daidai wurin maɓallin, ya bar shi a nan.

"An gama labaran," in ji shi. "Ina jin ka."

Gwaggo ta ja numfashi kamar za ta ƙara wani abu. Ta kalli ƙanenta, ta kalli yaron, ta saki numfashin. Ta sunkuya ta ɗauki jakar cefanenta, ta tashi a hankali, ta taɓa min hannu ta nuna min kujerar da ta bari. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta riƙe mariƙin daga waje har ƙofar ta rufu ba tare da ta yi ƙara ba.